Iskar Akuyar Sitti

Ku matso nan, ku 'ya'yan Yaya Auwalu, har da ke Mariya tawa, idan Allah ya sa kin girma kin iya karanta Hausa. Ina shakka dai, tunda yanzu ko "ina kwana" aka ce miki sai ki amsa da Larabci ki ruga. Na ji abin da kuke faɗa in na ba da baya. Wai Ammi Sani, wato ni, ya kashe akuyar Sitti da allura don ya ci jarrabawar jawwal, ta cikin waya. To, allurar gaskiya ce, na soka. Amma akuya ba ta mutu ba, jarrabawa kuma ko tuna ta ban yi ba ranar. Ku bar ni in faɗa muku yadda aka yi, ku daina jin ta bakin uwarku da take Yanbu lokacin.

Shekarar ina da ashirin da ɗaya, ba ni da komai sai baki. Makaranta na bar ta tun aji biyu na sanawi, wato sakandare, ko kuma ita ta bar ni, har yau ba mu daidaita kan wanda ya fara ba. Sana'ata asuwaki da carbi da rigar waya, a hanyoyin da alhazai ke bi zuwa Harami. In na hango hular Kano ko rawanin Damagaram sai in gyara murya: "Alhaji, ɗan gida ne, zo ka ga na Madina na asali." Iyakar Hausata ke nan, ta ciniki da ta kicin. In zance ya wuce farashi da tuwo sai in koma gyaɗa kai ina "haka ne, haka ne". Abuya, kakanku, direban bas ɗin masu ziyara ne, mutum ne da bai san wasa ba, kuma sunana a bakinsa guda ɗaya ne: ɗan iska. Ummi, mahaifiyata, ma takan ara in na ƙure ta. Duk gidanmu na unguwar Bani Harisa mutum ɗaya ce ba ta taɓa kirana haka ba, Sitti, mahaifiyar Abuya. In ta ji ya faɗa sai ta ajiye carbinta.

"Haruna, kada ka riƙa kira wa yaro abin da ba ka san nauyinsa ba."

Ni da Sitti miji da mata ne, irin wasan jika da kaka da ku ba ku tarar ba. In na dawo da yamma, ɗakinta nake fara leƙawa.

"Amarya, ina abincin mijinki?"

"Mijin da ya fita da itace ya dawo da itace? Ci asuwakinka, maigida."

Tana faɗa tana turo mini kwanon da ta ɓoye a ƙarƙashin gado. In Abuya ya biyo ni da igal ɗinsa, baƙar igiyar nan ta rawani, bayanta nake shiga, shi kuma bai isa ya ƙetare tabarmarta ba. Ku riƙe wannan da kyau. A duk Madina mutum ɗaya gare ni, kuma da ita na yi caca.

Maganar karatun daga Kawu Idi ta fito, wanda ke kiwon tumaki a wajen Badar. Ya zo cin abinci wata rana yana ƙorafin cewa rago ɗaya in ya kwanta sai ka yini kana neman baiɗari, likitan dabbobi, masu taimaka musu ma an rasa, a Yanbu nema ake yi ido rufe. Abuya ya dube ni, Yaya Auwalu ya dubi wayarsa. Kafin a kwashe faranti har ya samo mini wata dabloma ta mataimakin likitan dabbobi, karatu daga nesa, komai a cikin jawwal. Na tambaya ko akwai tashin sassafe, aka ce babu. Akwai malami mai sanda? Babu. Na ce a rubuta ni. Ajin da mutum zai shiga yana kwance da fanka a kansa, ai wannan don ni aka ƙirƙiro shi.

Ajin kuwa wani iri ne. Sunaye ne kawai jere a fuskar waya, wajen talatin, ba mai buɗe kamara. Wani a Jizan, wani a Tabuka, wani ma ban san ƙasarsa ba. Malaminmu Dakta Mirgani, mutumin Sudan, shi ma ba mu taɓa ganin fuskarsa ba, wani da'ira ne mai ruwan toka da ke motsi in yana magana. Muryarsa a hankali take zuwa, kamar mai magana daga cikin rijiya. Yakan yi tambaya, talatin ɗin nan su yi tsit, sai ka rantse kai kaɗai ne mai rai a ciki. Ni ne mai amsawa, da farko don in ba shi haushi. Ya ce cikin akuya ɗaki huɗu ne, na ce to ta fi mu, mu bakwai ne a ɗaki uku. Bai yi dariya ba, amma na ji ya ja numfashi irin na mai danne ta. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne karatun ya shige ni. Karo na farko a rayuwata aka faɗa mini abu ya zauna. Na san inda tumbi yake, kwiɓin hagu. Na san launin dasashin dabba mai lafiya. Har na sayi abin sauraren ƙirji ina yawo da shi a wuya, Sitti tana cewa an sa wa mijinta linzami.

Da aka shiga zango na biyu sai Dakta ya ce karatun baki ya isa. Kowa ya nemi dabba mai rai, ya ɗauki bidiyon kansa yana duba ta, ido da dasashi da zuciya da motsin tumbi, ya haɗa da rahoto ya aiko. Tumakin Kawu Idi tafiyar awa biyu ce cikin rana. Akuyar Sitti kuwa matakala ashirin da biyu ce daga gadona.

Ku ba ku san ta a sutuhu ba, saman gidanmu, sai a hoto. Ja ce jawur kamar shayin da ba madara, Sitti ta ce irin ta Maradi ce. Ba ta da suna, Ta Sama kawai ake ce mata. Ba ta kuka. Tun da na yi wayo ban taɓa jin muryarta ba, shi ya sa maƙwabta da yawa ba su ma san da ita ba. Da igiyar auduga ake ɗaure ta, a akushin katako take ci, ciyawarta ta barsim ma da hannu Sitti ke tsinka mata, ba a sa wuƙa. Kuma kullum guda ɗaya ce. In shekaru suka ja sai a kai ta wurin bunsurun Kawu, in ta haifi maza a yi sadaka da su, ranar da ta haifi mace ja kuwa, ana yaye ta za a hau a tarar uwar ta kwanta ba tashi. Abuya yana cewa don nono ake ajiye ta. Ban taɓa ganin wanda ya tatse ta ba.

"Amarya, ara mini akuyarki na minti goma. Zan mai da ita 'yar fim."

Ina jiran ta rama, sai na ga ba ta yi dariya ba.

"Sani, wannan ba ta wasa ba ce. Tana da iska. Ƙarfe ba ya taɓa ta, ko wuƙa, ko allura, ko sarƙa. Ka ji ni?"

To ga inda Hausar kicin ta kai ni. Iska biyu na sani a duniya, wadda ke kaɗa shanya, da wadda ke fita bayan an ci waken ful da gurasar tamis. A makon nan kuma muka yi darasin kumburin ciki, yadda iska ke taruwa a tumbin dabba. Sai na ce a raina, kai, tsohuwar nan ashe baiɗariya ce ba ta sani ba. Murna ma na yi. Sauran za su kawo lafiyayyun tumaki, ni zan kawo mara lafiya ta gaske.

Na jira ta kwanta ƙailula bayan Azahar na lallaɓa sama. Kan abin sauraren ƙarfe ne, sai na cusa shi cikin safata, ina dariya ni kaɗai, na ce ga dokar amarya na bi. Na jingina jawwal a jikin tankin ruwa na fara. Ido lafiya, dasashi ja mai kyau, zuciya tana bugawa yadda littafi ya ce. Na koma kwiɓin hagu. An koya mana za ka ji ruri kamar hadari daga nesa, ya zo ya wuce, ya sake zuwa. Na ji shi. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani abu. Kamar ana kaɗa ƙwarya a kife cikin ruwa, can nesa, hannuwa da yawa, kuma ba sa kuskure. Na cire abin daga kunnena. Madina tsit, rana ta kori kowa, sai gurnanin mukayyif, injin sanyaya ɗaki, na maƙwabta. Na mayar, kiɗan yana nan. Da na ɗago kai sai na ga akuyar ba ni take kallo ba. Wayar take kallo, ido cikin ido, kamar ta san akwai wani a ciki.

Na sauko da ɗan sauri, ba gudu ba, kada ku ƙara. Na rubuta rahoto da Larabci, na sa cewa mai dabbar ta ce tana da rih, wato iska, kuma ya daɗe. Na aika.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara. Da'irar nan ce mai ruwan toka. Bai taɓa kiran ɗalibi shi kaɗai ba.

"Ya Sani, bidiyonka ba ya jiyuwa. Iska ta cika makirufo daga farko har ƙarshe."

"Dakta, jiya ko ganye bai motsa ba. Dubi shanyar da ke bayana."

"Na duba. Shi ya sa na kira ka."

Sannan ya tambaye ni, da yarenmu, wace kalma kakata ta faɗa. Na ce iska. Ya ce ma'anarta? Na ce rih mana. Ya ce rih kaɗai?

"A garinmu ma, in tsohuwa ta ce wani yana da rih, ba wake take nufin ya ci ba. Ni likita ne, ba na koyar da wannan. Tafi wurin tumakin kawunka ka sake bidiyon. Wannan na goge shi, kai ma ka goge."

Da yamma na shiga wurin Sitti, ban ko tambayi abinci ba. Kafin in zauna ta ce Ta Sama tana warin safa, kuma a gidan nan ƙafa ɗaya ce mai wannan warin. Na ce na tuba, amma ta faɗa mini wace iska ce. Ta sa na tura ƙofa. Ta ce mahaifiyarta daga ƙasar Maradi ta taso da ƙafa, ita da ayarin masu niyyar hajji, shekaru suna tafe suna tsayawa noma a hanya. Akwai abin gidansu da ya biyo ta, na kakanni, mace ce. Duk Alhamis sai ta hau kanta, ta faɗi, ta yi magana da muryar da ba tata ba. Mahaifiyar kuwa tana son ta shigo ƙasar Manzo da tsabta, kuma ta san a nan ba a wasa da irin wannan. Da suka iso bakin teku, kafin su hau jirgin ruwa, wata tsohuwa ta yi musu tsakani. Aka samo 'yar akuya ja aka ce iskar ta zauna a cikinta. Za a ci da ita, a ba ta inuwa, ba za a taɓa ta da ƙarfe ba, ita kuma ta bar mutanen gidan.

"Ba bauta muke mata ba, Allah ɗaya ne, sallata kuma ba ta taɓa wuce ni ba. Masauki muka ba ta don kada ta nemi wani."

"In ƙarfen ya taɓa ta fa?"

"In ka huda salka, ruwan zama yake yi?"

Ta kamo hannuna ta ɗora a kanta, ta ce in yi alkawari. Na yi. Na ce amarya, ko cokali ba zan hau da shi ba. Sai a lokacin ta yi murmushi ta jawo kwano.

Na je Badar na sha rana, na yi bidiyo da wani rago mai taurin kai da ya tunkuye ni sau biyu, Dakta ya ba ni maki mai kyau. Watanni suka wuce, muka kai darasin gaggawa, aka sa kowa ya sayi jakar aiki, da allurai manya da ƙanana. Ranar wata Alhamis Kawu Idi ya aiko da buhun dabinon da ya lalace, na dabbobi. Aka ce in kai sama in rataye. Na kai sama, rataya kuwa na ce sai gobe. Na jingine shi a bango na sauko. Wannan laifin nawa ne, ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Juma'a ce, tsakiyar zafi. Abuya da Yaya Auwalu sun tafi Harami, kun san fita daga can bayan salla sai an yi haƙuri. Ummi da uwarku suna Yanbu wurin suna. Ni a masallacin unguwa na yi, ana sallamewa na dawo. Titi ba kowa, shaguna a rufe, kwalta tana rawa. Ina buɗe ƙofa na ga Sitti zaune a matakala ta uku, ba mayafi, tana riƙe da gwiwa.

"Tana kira. Tun ɗazu take kira, ƙafata ta ƙi."

Sai na ji. Ba kukan akuya ba ne irin wanda kuka sani. Kamar tsohuwa ce ke tari tana son ta faɗi sunan wani. Na haura da gudu. Buhu a yage, dabino ko'ina, Ta Sama a tsaye ta wage ƙafafu, kwiɓinta na hagu ya taso ya fi bayanta tsawo. Na ƙwanƙwasa da yatsa, ganga sak. Wannan karon iskar littafi ce, wadda na sani. Na yi duk abin da ba ya bukatar ƙarfe. Na ɗora ƙafafunta na gaba a kan bulo, na ɗura mata man girki da robar ruwa, na murza cikin har hannuna ya mutu. Ba ta yi gyatsa ba. Na kira wuraren baiɗari uku, Juma'a ce, ba mai ɗauka. Ina cikin haka ta durƙushe, ta faɗi, harshe waje. Na ɗaga leɓenta, dasashin ya koma shuɗi.

Na sauka na ɗauko jakata, na wuce Sitti a matakala ta goma sha, tana hawa da hannu da gwiwa. Ta ga jakar. Na kira Dakta Mirgani, bugu ɗaya ya ɗauka, kamar yana zaune yana jira. Na juya masa kamara.

"Wannan akuyar ce?"

"Ita ce."

"Ba za ta kai minti biyar ba."

Kan Sitti ya ɓullo a bakin matakala. Numfashinta ya fi na akuyar wahala. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Sani, bar ta. In ta mutu da kanta, gidan ne ya rushe, ba mu muka kore ta ba, sai ta koma inda ta fito. In ka huda, mu muka karya. Ka ɗora hannunka a kaina."

Ku da kuke cewa don jarrabawa ne, ku tsaya a nan. Ba wanda ke ɗaukar bidiyo, ba makin da za a ba ni. Da na ajiye jakar nan, da na rasa akuya na tsira da Sitti, kuma ba mai zargina. Na san haka sarai. Amma dabbar tana shure-shure a gabana, idonta ya firfito, ni na ajiye mata buhun, kuma duk faɗin unguwar nan a wannan sa'a ni kaɗai na san inda ake sokawa. Shekara ashirin da ɗaya ana ce mini ban iya komai ba. Ranar da na iya, aka ce in naɗe hannu. Ban ce na yi daidai ba. Ina faɗa muku abin da ke kaina ne.

"Dakta, faɗa mini."

"A matsayin malaminka, kwiɓin hagu, inda ya fi tasowa, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu. Babbar allura. Ka nufi gwiwar dama ta gaba, ka soka sau ɗaya, kada ka yi shakka."

"Akwai wani matsayin ne?"

"Ni ma kaka ce ta rene ni. Kau da fuskarka."

Na ji Sitti ta ce "maigida", a hankali, ba da wasa ba. Na soka.

Kau da fuska kuwa ban yi ba, kuma ba taurin kai ba ne. A bidiyon darasin da na kalla ya fi sau ashirin, mutumin yana sokawa yake sunkuyawa ya kai kunne da hanci bakin allura, don ya tabbatar ta shiga tumbi. Jikina ya haddace, ya yi abinsa ban sani ba. Iskar ta fito da shewa. Da farko mai wari, ta tumbi, yadda aka ce. Cikin ya fara sauka, ya sauka, ya lafe har haƙarƙari ya fito. A nan ya kamata ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Allurar ta ci gaba da busawa daga cikin da ba sauran komai, kuma iskar ta koma sanyi, sanyin da ya sa haƙorana suka yi tsami, a sutuhun da ba ka iya taka shi ba takalmi. Warin ma ya tafi, sai ƙanshin ƙasa in ruwan farko ya sauka. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai bakina a buɗe yake, don haki nake yi. Da ta yanke, na duba waya, kiran ya katse.

Akuya ta yi gyatsa, ta yi wata, ta miƙe tana tangaɗi. Ta dube ni ta ce "mee", irin ta kowace akuyar kasuwa, ta kama bakin jakata tana tauna. Na juya da murna zan ce amarya kin gani, sai na ga Sitti ba akuyar take kallo ba. Ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya ta fara sauka da baya, matakala ɗaya-ɗaya. Na miƙa hannu in taimake ta, ta janye jikinta.

Abuya da ya dawo ya ji labari, a gaban kowa ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya walad, kai yaro, ashe kana da amfani." Ya ce na yi maganin jahilcin da ya gagare shi shekara arba'in. Akuyar kuwa ta zama fitina, kuka safe da rana, ta ci shanya, ta ci takalmin Yaya, kafin mako ya zagayo maƙwabta sun yi magana aka kai ta Badar. Can ta tsufa, ta haifi baƙaƙe da farare, ba ja ko ɗaya. Dakta Mirgani bai sake ɗaga zancen ba. Na rubuta masa cewa ta tashi, ya amsa da kalma biyu, ya tambayi lafiyata. Shahadar gama karatun da kuke gani a bangon wurin aikina a Yanbu, bayan wata bakwai ta zo.

Sitti ce ba ta fito ba. Kwana biyar ƙofarta a rufe, Ummi ke kai mata abinci. Kullum ina zuwa bakin ƙofar in zuba duk abin da na iya. Na ce amarya yaji kika yi? Na ce zan kawo waliyyai a yi biko. Na ce mijinki ya rame, asuwakin ma ya ƙare. Ina jin motsin carbinta, amsa babu. Na fi son ta zage ni, ko ta kira ni da sunan da Abuya ya ajiye.

Ranar Alhamis bayan La'asar Ummi ta ce Sitti tana kirana. Na je da gudu, har na shirya abin da zan faɗa. Na tarar an share ɗakin, an yi turare, an shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakiya. Ita tana gefe, ta yi wanka ta sa farin mayafinta na Idi. Ta nuna mini tabarmar da hannu biyu, na zauna ina 'yar dariya. Sai matar nan mai shekara tamanin, da gwiwar da ba ta iya hawa bene, ta sauko daga gado ta durƙusa a gabana. Ta turo wata farar ƙwarya cike da fura da nono. Kanta a ƙasa.

"Sannu da zuwa. Ki yi haƙuri da masaukin. Yaro ne, ba shi da hankali, amma ba shi da mugunta. Ki sha."

Na waiga, ba kowa a bayana sai bango.

"Sitti, ni ne fa. Sani."

"Na sani. Ba da kai nake ba."

Haka ta yi mini kowace Alhamis har shekara huɗu, har Allah ya karɓi abarsa. Ko ina Yanbu sai na kamo hanya, don in ban zo ba ba ta cin abinci. Ta girmama ni yadda ba wanda ya taɓa yi, ba ta ƙara zama a tabarma ɗaya da ni ba, ba ta ƙara dariya a gabana ba. Ina shiga ɗakin da na fi so a duniya, a karɓe ni kamar baƙuwar da ake tsoro.

Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa wa ko Ummi ba. Ni tun ina yaro ba na shan nono, warinsa kaɗai yana tayar mini da zuciya, duk gidan an sani. Ranar nan ina cikin neman abin da zan ce in ba ta dariya, sai na ga ƙwaryar a bakina. Na shanye ta tas, na lashe gefen. Da na ajiye, na ji a cikina ana son ƙari.